Kasuwannin arewacin Kano: An yi wa mota titi, ina mai tafiya a ƙafa zai bi?

Duk ranar Lahadi, tun kafin rana ta ɗaga, hanyoyin shiga garin Ɗambatta kan cika maƙil. Ga masu babura da buhunan hatsi, ga amalanken shanu, ga akori-kura cike da awaki, ga matan Fulani da ƙoren nono a ka, ga kuma yara 'yan talla. Kowa kasuwa ya nufa, kuma kusan kowa a kan kwalta ɗaya yake tafiya da manyan motocin da suka taso daga Kano za su Kazaure da Daura.

Haka abin yake a yawancin kasuwannin wannan yanki, daga Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa a kan titin Katsina, da kuma kasuwannin ƙauyukan Kunchi da Makoɗa da Minjibir. Mafi yawan masu cin kasuwa a ƙafa suke yawo a cikinta. Ko wanda ya zo a mota ko a babur, da zarar ya sauka ya zama mai tafiya a ƙafa. Amma idan aka tashi gyaran kasuwa ko gina sabon rukunin shaguna, da wuya ka ga an fara da tambayar inda mutum zai taka, inda zai fake wa rana, da inda zai tsallaka titi lafiya.

Ƙasar da babu saura

Kafin a yi maganar tsara kasuwa a arewacin Kano, sai an fahimci irin ƙasar da ake magana a kai. Tun a shekarun 1960, masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, ya nuna cewa tana cikin yankunan noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, ana noma wuri ɗaya kowace shekara ba tare da an bar shi ya huta ba, ana riƙe ƙarfin ƙasa da takin gargajiya, ana kuma barin itatuwa masu amfani irin su ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo a tsakiyar gonaki.

Ma'anar wannan ita ce babu filin banza. Duk taku ɗaya da kasuwa ta ƙara, gonar wani ta ci, kuma sai an biya diyya. Shi ya sa kasuwannin yankin ba sa faɗaɗa ta baya, sai dai su cushe a ciki, su kuma malalo kan titi.

Lissafin a fili yake. Hanya mai faɗin mita 3 da tsawon mita 100 tana cin murabba'in mita 300. Idan rumfa ɗaya mita 3 ce sau 3, wannan hanya ta cinye wurin rumfuna 33. Ga mai karɓar haraji, rumfuna 33 kuɗi ne da yake gani a hannu. Hanya kuwa ba ta biyan haraji. A nan gardamar take, kuma a nan mai tafiya a ƙafa yake shan kaye kullum.

Kakanninmu sun san tsari

Tsara kasuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta burge Baturen nan Hugh Clapperton da ya zo Kano a 1824. Ya bayyana cewa rumfunanta a jere suke layi-layi, kowane irin kaya da ɓangarensa, kuma akwai shugaba da ke raba rumfuna yana kula da gaskiyar ciniki.

Har yau kasuwar ƙauye na riƙe da wannan gado. Kara daban, 'yan awo daban, mahauta daban, maƙera da 'yan koli kowa da layinsa, ga Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa da shugabannin dillalai. Yawancin kasuwannin ma a gindin itace suka samo asali, domin inda inuwa take nan mutane ke zama. Garuruwa na da dandali a ƙofar fada, gonaki kuma na da burtali da labi, wato hanyar da aka keɓe wa dabbobi don kada su yi ɓarna.

Abin da ya sauya shi ne zuwan kwalta da mota mai gudu. Tsohon tsarin an yi shi ne don mutum da jaki da raƙumi, waɗanda duk tafiyarsu kusan ɗaya ce. Yanzu tirela mai ɗauke da buhuna ɗaruruwa ke ratsa wurin da yarinya ke tallan gyaɗa.

Su wa ke cikin haɗari?

A karkarar Kano, matan aure da yawa daga cikin gida suke sana'arsu. Su soya ƙosai, su yi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa, yara su kai kasuwa. Saboda haka waɗanda suka fi yawa a bakin titi ranar kasuwa su ne yara mata, tsofaffin mata, masu sayar da fura da nono, almajirai da 'yan dako. Su ne ke bin mota da gudu idan ta rage tafiya, su ne kuma ke tsallaka titi sau da yawa a rana.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, fiye da kashi ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙafa ne, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba a yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Hukumar ta kuma nuna cewa idan mota ta buge mutum tana gudun kilomita 65 a awa, haɗarin ya mutu ya ninka sau huɗu da rabi a kan wanda aka buge a gudun kilomita 50. Shi ya sa ake ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa.

Wannan batu ya shafi yankin kai tsaye. Aikin mayar da titin Kano zuwa Katsina tagwaye, da titunan kilomita biyar-biyar da gwamnatin jiha ta ɓullo da su a hedikwatocin ƙananan hukumomi, duk sun faɗaɗa hanya. Faffaɗan titi alheri ne ga direba, amma yana ƙara masa gudu, yana kuma ƙara nisan da tsohuwa za ta ratsa kafin ta kai ɗaya gefen.

Darasi daga cikin birni

Kasuwannin birnin Kano sun riga sun nuna abin da ke faruwa idan aka sayar da hanya. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. Ma'aikatan kwana-kwana sun sha kokawa cewa a gobarar kasuwanni motocinsu ba sa samun hanyar kutsawa, saboda tebura da rumfunan wucin gadi sun toshe layuka.

A watan Agustan 2022 kuma ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, inda 'yan kasuwa da dama suka ɗora alhakin a kan gine-ginen da aka yi a kan magudanun ruwa da hanyoyi. Ashe filin da aka ga kamar zaman banza yake yi, shi ne ke tsare dukiyar kowa.

Kasuwar Dawanau, wadda aka kafa a 1985 kuma ake yi wa kallon kasuwar hatsi mafi girma a Afirka ta Yamma, tana da nata kalar matsalar. Manyan motoci masu lodin riɗi da waken suya da zoɓo da masara suna jerin gwano a layuka ɗaya da 'yan dako da masu baro da masu sayar da abinci. Da damina kuma caɓi kan ƙara wa abin wahala.

Abin da aka yi a Dandaji

Ba sai an je Turai neman misali ba. A ƙauyen Dandaji da ke jihar Tahoua a Jamhuriyar Nijar, wata 'yar ƙasar mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou Kamara, ta tsara kasuwar da aka kammala a 2018. Da can kasuwar mako-mako ce da ke ci a kewayen wani tsohon itace. Maimakon a sare itacen a jera shaguna, sai aka mayar da shi cibiyar kasuwar, aka yi wurin zama a kewayensa don mutane su huta, yara su yi wasa.

An gina rumfuna fiye da 50 da bulon ƙasa da aka matse da inji, wanda ba ya ɗaukar zafi kamar bulon siminti. Da yake itace ba ya girma da wuri a irin wannan busasshiyar ƙasa, sai aka ƙera wasu faifan ƙarfe masu launi iri-iri, aka kafa su bisa sanduna a hawa daban-daban, suna ba layukan inuwa kamar rassan itace, iska kuma na ratsawa. Kasuwar mako ta koma wadda aka tsara don ci kullum.

Dandaji ƙauyen Hausawa ne, rana ɗaya ke dukan su da mutanen Kunchi, kuma kayan aikin da aka yi amfani da su akwai su a nan. Abin da ya bambanta shi ne an fara da tunanin mutumin da ke tsaye a rana, sannan aka zo kan shaguna.

A wasu ƙasashe ma an ga haka. Lokacin da birnin Kofanhagan na Danmak ya hana motoci bin babban titin cinikinsa a 1962, masu shaguna sun yi fargabar ciniki zai mutu, amma sai jama'a suka ƙaru. Birnin Kigali na Ruwanda ma ya keɓe wani titi a tsakiyar gari ga masu tafiya a ƙafa tun 2015.

Yadda hanyar kasuwa ya kamata ta kasance

Masu tsara garuruwa sun yi ittifaƙi a kan wasu ƙa'idoji da ba sa buƙatar kuɗi masu yawa.

Na farko, a raba ƙofar kaya da ƙofar mutane. Manyan motoci da amalanke su shiga ta baya, su yi lodi a filin da aka ware musu. Kara ta samu tata hanyar da ta haɗu da burtali, don kada a riƙa koro shanu ta cikin masu sayar da tumatir.

Na biyu, faɗin layi. Babban layi ya kai kusan mita 4 don motar kashe gobara ta iya shiga. Ƙananan layuka kada su gaza mita 1.8, wato faɗin da kekunan guragu biyu ko baro biyu za su gitta juna. A kafa alamar iyaka ta dutse ko siminti a gaban rumfuna, domin tebur kan matso da taku ɗaya duk mako har hanya ta ɓace.

Na uku, ƙasan hanya. Ba dole sai kwalta ba. Marmara da aka daddale sosai, aka ɗan ɗaga tsakiyarta don ruwa ya gangara gefe, tana iya riƙe ƙananan layuka. A manyan layuka bulon intalok ya fi shimfiɗar siminti, saboda ana iya cire shi a gyara bututu a mayar, kuma ana buga shi a garuruwan yankin.

Na huɗu, magudanar ruwa. Ruwan shekara a Kano cikin watanni huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Buɗaɗɗiyar kwata a gaban shago tarko ce ga makaho da yaro, kuma nan da nan take cika da leda. A rufe ta da murfin da za a iya ɗagawa a yashe, a kuma karkata ruwan zuwa gindin itatuwa ko wani kududdufi a bayan kasuwa.

Na biyar, masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, kuma wa'adin ya cika a 2024. Ƙa'idar gangare ita ce duk tudun santimita 10 a ba shi tsawon santimita 120. Amma dubi sababbin filazozin da ke tasowa a bakin titin Bichi ko Ɗambatta: kowane mai gini na ɗaga dandamalinsa yadda ya ga dama don gudun ruwa, har gaban shaguna ya zama hawa da sauka, abin da ke tilasta wa mutane komawa kan kwalta.

Na shida, tsallaka titi. Gadar sama tana da tsada, kuma mai buhu a ka ko mai jan akuya ba zai hau ta ba. Abin da ya fi dacewa da garin kasuwa shi ne tudun rage gudu kafin a shigo gari, wurin tsallakawa mai zane da aka ɗan ɗaga, tsibirin tsayawa a tsakiyar tagwayen hanya, fitilu masu aiki da hasken rana, da tasha a gefe inda motocin haya da A Daidaita Sahu za su sauke fasinja ba a kan titi ba.

Wane itace za a dasa?

A watan Afrilu zafin Kano kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyos. A irin wannan lokaci inuwa ba ado ba ce. Ita ke hana tumatir da alayyafo yin yaushi, ita ke sa mai saye ya tsaya ya taya, musamman idan azumi ya faɗo a bazara.

Sai dai ba kowane itace ya dace da kasuwa ba. Kuka na zubar da ganye da rani, wato lokacin da aka fi buƙatar inuwarta. Gawo akasin haka yake, da rani yake ganye ya zubar da damina, amma yana da ƙaya, don haka ya fi dacewa da kara, inda dabbobi za su ci 'ya'yansa. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, tana saurin girma, tana jure fari, kuma ba ta rabuwa da ganye, shi ya sa ta fi dacewa da bakin layuka.

Tsamiya na da inuwa mai kauri da daɗewa, amma tana da jinkirin girma, sai a dasa ta tare da darbejiya don wata ta gaji wata. Ceɗiya da durumi reshe kawai ake kafawa su kama, kuma su ne itatuwan dandali tun asali, amma saiwarsu na fasa kwata da harsashin gini, don haka a ba su fili a tsakiyar dandali nesa da shaguna. Maɗaci na yin kyau a bakin hanya, sai dai masu neman magani kan sassaƙe ɓawonsa har ya mutu idan ba a kula ba. Ciyawar ado da furanni masu shan ruwa kullum kuwa ba na kasuwar da ke dogaro da rijiyar burtsatse ɗaya ba ne.

Babban abokin gabar dashe a nan akuya ce. Duk itacen da ba a kewaye shi da bulo ko ƙaya ba, ba zai ga damina ta biyu ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a danƙa kowane dashe ga mai rumfar da ke kusa, tun da shi zai fara shan inuwar. Ruwan alwala daga masallacin kasuwa ma ya isa ya raya itatuwa da dama idan aka yi masa hanya.

Dandali a tsakiyar kasuwa

Kasuwar ƙauye ba wurin ciniki kaɗai ba ce. Nan ake haɗuwa da dangi, a ji labari, a isar da saƙon biki ko na rasuwa. Ƙaramin dandali mai itace da dakalin zama, kusa da masallaci da famfo da masu abinci, yana ba tsoho wurin hutawa, yana ba yaron da ya ɓace wurin da za a same shi, kuma wuri ne na taruwa idan gobara ta tashi.

Akwai kuma batun makewayi. Macen da ta taso daga ruga tun asuba takan wuni a kasuwa ba tare da wurin kama ruwa ba. Makewayin mata daban, mai ƙofa da ruwa, a wurin da ba sai an ratsa tashar mota ba, yana cikin tsarin hanya kamar yadda kwalbati yake.

Me ya sa ake komawa bakin titi?

'Yan kasuwa na da hujjarsu, kuma ba ta wasa ba ce. Mai saye a bakin titi yake. Wanda aka tura can ƙurya ya san cinikinsa ya ragu. An sha gina shaguna na zamani a wurare daban-daban su zauna a rufe, saboda haya ta fi ƙarfin mai kayan naira dubu kaɗan, ko kuma an kai su inda ƙafa ba ta bi.

Don haka kora da bulala ba ta magance komai, ana tafiya za a dawo. Maganin shi ne a kai ƙafar mutane inda ake so ciniki ya koma. Idan tashar mota tana wannan gefe, kara tana wancan, babban layi ya haɗa su, to duk wanda ya sauka sai ya ratsa ta gaban rumfuna. A kuma ware wa masu kasa kaya a ƙasa da 'yan talla wuri mai inuwa a kan wannan layi, a kuɗin da ba zai gagare su ba. Wannan ba zai yiwu ba sai an zauna da Sarkin Kasuwa da shugabannin layuka da 'yan dako da direbobi da mata masu sana'a tun kafin a yi zane.

Alhakin wa?

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora kafa kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a, da kula da su, a wuyan ƙananan hukumomi. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Su ne kuma ke karɓar harajin rumfa da na dabbobi duk ranar kasuwa, don haka mai biya na da haƙƙin tambayar nawa ne ke komawa gyaran layi da kwata.

Akwai kuma shirye-shiryen da ke da kuɗin irin wannan aiki. Shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar Kano, KSADP, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa, ya sanya inganta kasuwannin hatsi da na dabbobi cikin ayyukansa. Kano na cikin jihohin da ke shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwancin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi. Abin lura shi ne kada nasarar irin waɗannan ayyuka ta tsaya a ƙirga shaguna da tsawon kwalta.

Lokaci kuma ba ya jira. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Duk inda tasha ta sauka, rumfuna da shaguna za su biyo ta, farashin fili kuma zai tashi. Shata hanya da dandali a kan filin da ba a gina ba igiya da turaku kawai yake buƙata. Bayan an zuba bulo kuwa, sai rusau da diyya da shari'a.

Ƙaramar hukumar da ke son farawa ba sai ta jira babbar kwangila ba. Tana iya auna layukan kasuwarta da rani ta kafa iyaka, ta yashe kwatoci kafin ruwan farko, sannan ta raba dashen darbejiya da tsamiya ga masu rumfuna a watan Yuli, lokacin da ƙasa ta jiƙa.